Neman Kunnen Fara Daga Sakkwato Zuwa Dandin Mahe

Da ƙarfe biyar da minti ashirin na asubahin Talata al'amura suka fara lalacewa. Muna tashar mota a Sakkwato, ni da Kawu Garba da aka aiko ya kai ni gida hutun kaka. Na buɗe littafin ilimin ƙwari a hasken fitilar mai koko, sai na tarar gara ta cinye shafi guda. Duk faɗin littafin ba ta ga abin ci ba sai shafin da ke da hoton fara.

Baturiyar da ke koya mana ta ce duk mai son shiga ajin horon malamai ta dawo da fara guda cikakkiya, ta nuna kai, ƙirji, ciki, ƙafafu shida, da inda kunne yake. Gurbi biyu ne, mu kuwa bakwai. Sauran duk na haddace. Kunnen ne gara ta tafi da shi.

Sakkwato zuwa Bodinga

Mun tashi ƙarfe bakwai saura kwata. Na san lokacin ne don agogon aljihun Kawu yana hannuna. Shi yana son a gan shi da shi, amma ba ya karanta shi. Direban abokinsa ne, saboda haka aka sa mu a gaba.

Sai da muka yi mil biyar kafin na iya buɗe baki. Na tambayi direba sau uku, bai ji ba. Da Kawu ya kwance ƙullin ƙuli-ƙuli, sai direban ya juyo.

"Mi kic ce, ɗiyata?"

"Baba, ko ka san inda kunnen fara yake?"

"Garba, abin da Nasara ka koya musu ke nan? Waɗanga ƙahonin biyu na bisa kai, su na kunnuwa. Ko jaki nan nashi suke."

Shafin da gara ta bari ya ce da zaren nan biyu fara ke shaƙar ƙamshi da laluben hanya. Ban musa ba. Na rubuta amsarsa, na sa alamar tambaya ƙarama yadda ba zai gani ba.

Bodinga

Mun iso ƙarfe tara saura minti goma, mota na huci. Aka tsaya zuba mata ruwa kusa da rumfar wani malamin gona mai gajeren wando da hular kwano. Kawu ya ce ga wanda aikinsa ke nan, ya ja ni har gabansa.

"Ranka shi daɗe, yarinyata na da tambaya bisa hwara."

Malamin ya miƙe zumbur. "Hwara? Ina? Guda nawa? Daga gabas ko daga arewa?"

Ashe akwai umarnin cewa duk inda aka ga garken fara a kai rahoto ga Di'o, Baturen mulki, nan take. Na ce ko guda ban kama ba tukuna. Bai ji ba. Har ya ciro takarda ya rubuta kwanan wata. A bangon rumfar akwai allo mai jerin sunayen ƙwari, da kunama a layi na biyu. Kunama ƙafa takwas gare ta, ba ta cikin dangin masu shida, amma wannan ma na haɗiye.

Kawu ya kira wata Bafulatana ta dama fura da nono, ya miƙa wa malamin. Da ƙwarya ta kai rabi, sai malamin ya ajiye alƙalami ya saurare ni.

"Hwara ba ta da kunne," in ji shi. "Da tana da shi, da ta ji dokar Gwamna ta bar ƙasarga tun bara."

Wannan ma na rubuta.

Shagari

Taya ta fashe sau ɗaya, muka tura mota sau biyu, muka shiga Shagari ƙarfe ɗaya da minti goma. Babu mai jakin da zai nufi garinmu sai gobe, don haka muka sauka gidan wani tela, aminin Kawu. Matarsa ta yi tuwon gero da miyar kuka. Kafin akushi ya zo na gaishe shi na yi tambayata, keken ɗinki ya hana shi ji. Bayan ya suɗe hannu ya ce a kira 'yar makarantar nan.

"Duk mai rai kunnenai ga kai yake. In ba ki gani ba, ƙanƙanta ta yi yawa. Ki ce ma Baturiya ta sa tabarau."

Na zauna a tsakar gida na duba takardata. Amsa uku, ba wadda zan iya ɗora yatsa a kanta a gaban aji. Na tuna sauran 'yan mata shida da littattafansu da gara ba ta taɓa ba.

Dandin Mahe

Laraba bayan sallar asuba muka hau jakai, muka isa gida ƙarfe takwas da rabi, lafiya lau, alhamdu lillahi. Mun tarar mata sun dawo daga gona da buhuna. Da sassafe suke kamun fara, lokacin da sanyi da raɓa suka kama jikinta ba ta iya tashi. In rana ta dumama ta, sai dai a bi ta da kallo.

Gwaggo Hajo, yayar babana, tana zaune gaban faifai tana fige fukafukai da ƙafafun baya masu ƙaya, kasko na jira. Tun ban san kaina ba take soya fara ta kai kasuwa. Gaskiya ban yi niyyar tambayarta ba. Ban taɓa ganin ta da takarda ba sai wadda ake ƙunshe yaji a ciki.

Na tsuguna na zaɓi guda mai ƙafa shida cif, ina jujjuya kanta.

"Ke, Hassatu, ci za ki yi ko duba mata za ki yi?"

Na gaya mata komai, tun daga gara har tela. Ta yi dariya har ta share hawaye da gefen zane. Ta karɓi farar, ta ɗaga fiffike da farce. Daidai inda ciki ya fara, bisa gindin babbar ƙafa, ga wani ɗan zagaye mai siririyar fata yana sheƙi. Ta juya ta, ga ɗan'uwansa a ɗaya gefen.

"Kin gani? Hwatar kalangu ta. Allah ba shi ɗaura hwatar kalangu inda babu sauti."

Na zana shi a gefen shafin da gara ta ci. Na ce, "Gwaggo, amma don me duk ba su sani ba?"

"Wa kit tambaya?"

Na sake lissafa mata.

"Yaushe sunka amsa miki?"

"Bayan sun ci abinci."

Ta watsa fara cikin kasko, mai ya yi ƙara.

"To ki rubuta ma Baturiya: kunnen hwara ga ciki yake, inda na direba da malamin gona da tela yake."