Aikin Ummusalma, Sunan Oga

Ummusalma Jika 'yar unguwar Gangare ce. Tana ƙarama kasuwar Terminus ta ƙone, shagon ɗinkin mahaifinta ya tafi da kekunansa da yadukan mutane. Tun daga lokacin hankalinta ba ya kwanciya da duk abin da aka ajiye a wuri ɗaya tak.

Da ta kammala karatun kwamfuta, ta sami aiki a unguwar Daɗin Kowa, a wani kamfani mai sayen dankalin Turawa da kabeji yana aikawa kudu. Mai kamfanin, Oga Badung, ya ɗora harkarsa a kan wata manhaja da ke intanet, Ummusalma kuwa ita ta tsara ta: wanda zai amince da oda, motar da ba ta lodi ranar Juma'a, direban da ba ya fita ranar Lahadi, hanyar da ake kauce wa idan gari ya rikice. Shekara da shekaru tana wannan gini. Sai dai manhajar ba ta tuna jiya. Da zarar an sauya saiti, tsohon ya tafi ke nan.

Ta nemi izinin kwashe saitunan, ta mayar da su rubutu, ta zuba su a ma'ajiyar da ke riƙe kowane gyara tare da sunan wanda ya yi shi.

Ifeanyi mai kula da sito ya ce mata, "Hajiya Injiniya, yanzu fa kanki ne ma'ajiyar. Ranar da kika juye shi, me Oga zai yi da ke?"

Ta ce, "Sai ya ba ka kujerata, ka huta da warin kabeji."

"Ni? Ko wayata matata ce ke saita mini!"

Ta yi dariya, amma ta san gaskiya ya faɗa. Abin da ta dogara da shi guda ne: ma'ajiyar za ta nuna aikinta, aikin kuma ya riƙe mata kujera.

A ofishin kuwa kalmar sirri ɗaya ce, ta Oga, da ita kowa yake shiga. Neman taka ta daban kamar nuna ba ka yarda da maigida ba ne. Da ita Ummusalma ta yi aikin duka, ba ta kawo komai a ranta ba.

Bayan damina sababbin abokan hulɗa suka zo daga Legas domin rage ma'aikata. Shugabarsu, Madam Boluwatife, ta buɗe ma'ajiyar. Kowane gyara, daga na fari har na ƙarshe, sunan Badung ne a kansa.

Ta ce, "Oga, ashe kai gwani ne haka!"

Ya yi murmushi, ya gyara hula, bai musa ba. Ummusalma tana tsaye a bakin ƙofa. Ba a tashe ta da gyara wa babba magana a gaban baƙi ba, saboda haka ta yi shiru. Kujerarta aka fara sokewa.

Daga baya wani sabon ma'aikaci ya dagula saitunan, oda ta tsaya cak. Nan take aka dawo da na jiya daga ma'ajiyar, motoci suka tashi. Ifeanyi ya kira ta yana murna.

Ta ce, "Madalla. Akwai wanda ya tuna da ni?"

Ya ce babu wanda ya ambaci sunanta.

Yanzu tana Gangare, tana sa wa riguna maɓallai a shagon ɗinkin yayanta.