Shuɗin da Amal Ta Dawo da Shi

Malam Aminullahi direban bas ne a Birmingham, ya daɗe yana kai da kawowa a Stratford Road. Mahaifinsa marini ne a Kura, amma duk sanda yara suka tambayi sana'ar kakansu, sai ya ce ɗan kasuwa ne, ya kawar da zancen.

Da 'yarsa Amal ta gama jami'a, sai ta tafi Japan yawon buɗe ido. Ta dawo gida Sparkbrook baki har kunne. Ta ce wani ɗan jagora ya kai su ƙauye suka yini, suka ci shinkafa da gasasshen kifi, sannan wata tsohuwa ta koya musu rini da shuni. Ta miƙo masa faratanta, shuɗin bai gama fita ba.

"Abba, su sun riƙe abinsu," in ji ta da Turanci. "Mu me ya sa ba mu da irin wannan?"

Malam Aminullahi ya ƙura wa faratan ido. Haka hannun mahaifinsa yake har ya rasu, hannun da shi Aminullahi yake jin kunyar abokansa su gani. Ya buɗe baki zai gaya mata, sai ya ji kansa yana cewa, "Ya yi kyau, Allah ya yi albarka."

Ya fita aiki ko shayinsa bai sha ba.