Ƙunshin da Na Ba Inna Ranar Yaye

Inna, mahaifiyata, ta yarda har ranta cewa ita ta kashe 'yata da koko mai zafi. Ba kullum take faɗa ba. Sai na je Kurfi mun zauna mu biyu a gindin darbejiyar tsakar gida, tana tsince wake, sai ta tsaya da hannu cikin faifai ta ce, "Da na bari ya huce." Ni kuwa na san ba koko ba ne. Na sani tun a asibiti, amma na bar ta da wannan kayan shekara da shekaru, don na san in na sauke mata, a kaina zai dawo.

Malamar makaranta ce ni, ilimin halittu nake koya wa 'yan mata a wata sakandare a Dutsin-Ma. A gidanmu ni na fara yin karatu mai nisa, shi ya sa Inna ke kirana Malama, rabi tsokana rabi gaske. In aka kawo takardar magani, ni ake jira. In rediyo ya faɗi wani abu da ba a gane ba, a ce bari Malama ta zo. Ba zan ɓoye ba, abin yana min daɗi. Ina da baki, ina kuma son a ce na sani.

Yarinyar ita ce 'yar farina. Ko sunanta ba na kira, har yau, kuma a gaban Inna ko goya ta ba na cika yi ba, sai in ajiye ta a tabarma in kau da kai kamar 'yar maƙwabta. Haka muka taso muka ga ana yi, duk karatuna bai cire min wannan kunyar ba. Inna kuwa ƙawata take ce mata, su yi ta faɗa a kan ƙuli-ƙuli. Yarinya ce mai fara'a da ƙiriniya, sai dai mura ba ta barin ta. Wannan ta tafi, wata ta zo, hanci kullum a jiƙe, tari yana biye.

A waya na fara karanta labarin furobayotik. Ƙananan halittu ne masu rai, dangin waɗanda ke mai da madara kindirmo, ana busar da su a ƙulla a 'yan ƙunshi kamar garin lemo. Abin da na karanta bai wuce cewa wataƙila suna rage yawan kamuwa da mura ga wasu yara ba. Wataƙila, da rage, da wasu: duk kalmomin nan na gan su da idona. Na samu a wani kemis na fara ba ta. Muka yi 'yan makonni ba mura, ko don garin, ko don Allah Ya so, ni dai na ba garin lada duka. Har a ofishin malamai na riƙa yi wa mata wa'azinsa, wata abokiyar aikina ta ce ko kamfanin ya ɗauke ni talla ne.

Da lokacin yaye ya yi, ƙarshen damina, muka sa rana za a kai ta wurin kakarta. Wata Juma'a muka hau mota zuwa Kurfi, tana kan cinyata tana nuna shanu ta taga. Tana ɗan tari a ranar, kaɗan, irin wanda muka saba.

Inna ta riga ta shirya: an karɓo rubutu, ta daka gero, ga nono a ƙwarya. Na fito da kwalin garin na ajiye mata a gaba.

"Wannan kuma mi ne ne, Malama?"

"Na ƙirji ne, Inna. In tana sha, ba abin da zai taɓa ƙirjinta. Ƙunshi ɗaya kullum. In ta yi tari ma shi za ki ba ta."

Ta juya kwalin a hannu, ta ce gari ne kawai? Na ce ai masu rai ne a ciki, irin na nononta da take ajiye ragowar jiya ta zuba a madarar yau. Wannan ta gane shi sarai, har ta yi dariya ta ce ashe Turawa ma sun zo hannu. Na ƙara mata da cewa kada ta zuba a abu mai zafi, zafi na kashe su. Ta maimaita, "Banda zahi." Ta ɗora kwalin a kan jere, wurin kwanonin da ba a taɓawa.

Ban yi niyyar ƙarya ba. So nake ta riƙa bayarwa ba fashi, na kuma san in na ce mata wataƙila, za ta ajiye ta koma kan sassaƙenta. Sai na cire wataƙila na ba ta sauran.

Aka ɗauke hankalin yarinyar da 'yan awaki a bayan ɗaki, na sulale na fita. Ƙa'idar yaye ke nan: uwa ba ta nuna fuska sai yaro ya manta nono. Kuma kowa ya san ɗan yaye na kuka, yana ƙin abinci, jiki ya yi ɗumi, ya rame. Ba a kiran uwa don wannan. Kakar da ta kira ma dariya za a yi mata, a ce ta kasa.

Na koma Dutsin-Ma nonona ya cika ya yi tauri, ina koyarwa ina cije leɓe. Maigidana kan kira ƙanin Inna ya tambaya, a ce lafiya lau, rigimar yaye ce kawai. Ni ban kira ba. Da wane baki zan tambayi Inna lafiyar 'yar fari?

Rana ta biyar na kasa daurewa. Ranar kasuwar Kurfi ce, na ce zan je sayen wake, alhali buhu guda ne a ɗakinmu. Na isa da hantsi. Inna ta tare ni a zaure ta sa yatsa a baki, ta ja ni ta bayan rumbu har ƙofar ɗakinta, ta nuna min tsagar ƙyaure.

Na leƙa. Yarinyar na kwance a tabarma, ba barci take ba, idonta a buɗe yana kallon rufi. Rigarta a ɗage take. Na ga cikinta yana hawa da sauka da sauri, ƙasan haƙarƙarinta yana lotsawa ciki duk in ta ja iska. A ƙarshen kowane numfashi akwai wani ɗan nishi, ih, ih, ƙarami ƙwarai. Na tsaya ina ji. Hannunta ɗaya na riƙe da murfin kwano.

Inna ta raɗa min, "Ta daina kukan tun jiya. Ta fara haƙura."

Ina da babi guda a littafin da nake koyarwa a kan huhu. Na zana shi a allo ya fi a ƙirga. Wani abu a cikina ya ce wannan numfashin ba daidai ba ne, ya faɗa da ƙarfi ma. Amma ga Inna a gefena, wadda ta yaye mu bakwai da jikoki, ta ce haƙuri ne. In na banka ƙyauren nan na sure ta, na ɓata kwana biyar na wahala, na nuna uwata ba ta iya ba, na kuma yi rashin ta-ido a kan 'yar fari a gaban matan gida. Abin da na auna ke nan a bakin ƙofar. Na rantse shi na auna.

Na ce, "Kina ba ta garin?"

"Biyu ma nike ba ta yanzu, tun da tarin ya ƙaru."

Na gyaɗa kai. Na je kasuwa na sayi waken da ba na buƙata, na hau mota da wuri don hanyar ba a son yamma ta yi wa mutum a kanta.

Washegari ina cikin aji aka leƙo aka ce ana nemana a waya. Ƙanin Inna ne, ya ce suna hanya, in same su asibiti. Na riga su isa. Da aka fito da ita daga mota leɓɓanta sun canza launi. Ma'aikatan sun yi abin da za su iya, aka sa mata iska a hanci, aka yi allurai. Wata nas mai shekaru ta ce limoniya ce, ciwon huhu, ta tambaye ni kwana nawa tana wannan numfashin. Na ce ban sani ba, ba ta wurina. Ta rasu kafin la'asar, hannuna a kan ƙafarta. Ranar ce kaɗai na riƙe ta a gaban Inna ban ji kunyar kowa ba.

Bayan addu'ar bakwai, da mutane suka ragu, Inna ta fara maganar koko. Ta ce rana ta uku yarinyar ta ƙi komai, sai da safe ta miƙa hannu ga koko, ita kuma don murna ta zuba garin ba ta jira ya huce ba. Ta ce ta ji a jikinta a lokacin cewa ta kashe su. Daga ranar ne, in ji ta, tarin ya sauka ƙirji. Na ce mata kwana ne ya ƙare, kamar yadda kowa ke cewa.

Allah Ya ba ni wasu 'ya'yan, maza biyu. Ban kai ko ɗaya yaye Kurfi ba, Inna ba ta kuma tambaya ba. Dukkansu in suna barcin rana sai in ɗage musu riga in tsaya ina kallon haƙarƙari, har babban ya fara ture hannuna. Nishin nan kuwa bai bar ni ba. Ina jin sa a aji in yara sun yi tsit suna rubutu, ina jin sa in injin niƙa na maƙwabta ya mutu. Sai in ajiye alli in fita baranda kamar mai neman iska. Babin huhu na roƙi wani malami ya riƙa koyar min da shi, na ce ƙurar allo ke damuna.

Bara Inna ta yi jinya, ta tashi amma ƙafa ta ƙi. Na ga yadda ta ragu a cikin zaninta, tsoro ya kama ni kada ta tafi da abin da ba nata ba. Na je Kurfi wata Asabar ba tare da yara ba. Tana zaune a bakin ɗaki an shimfiɗa mata buzu a rana. Muka gaisa, muka yi zancen gero da na wanda ya mutu da wanda ya haihu. Da zancen ya ƙare, na san abin da ke tafe.

"Da na bari ya huce, Malama."

Na ce, "Inna, ba kokon ba ne." Na ce mata garin ba maganin ciwon ƙirji ba ne, bai taɓa zama ba. Ko da ruwan randa ta dama, ko kwali goma ta ba ta, ba zai hana komai ba. Allura yarinyar take buƙata tun da wuri. Na ce na san iyakar abin da garin zai iya tun ranar da na miƙa mata, na faɗa mata fiye da haka don ta ji maganata. Na ce ta yafe min.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi faɗa ba, ni da na so ta yi. Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin. Kaza ta zo tana tsattsagar gefen buzun, ba wanda ya kore ta.

Can ta ce, "Ranar kasuwa, da kika leƙa. Kin ji numfashinta?"

Na ce na ji.

"Ni ma na ji shi, tun daren jiyansa. Ban taɓa jin ɗan yaye na yin haka ba. Shi ya sa na ja ki ƙofar, ɗiyata. Na ce bari mai karatu ta gani." Ta gyara zaman ƙafarta da hannu biyu. "Ina ta kallon fuskarki. Na ga kin gyaɗa kai."