Saniyar da Ta Tashi Kamar Doki

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa daga kai, har sunan abokin aiki sai na yi ta lalube, amma ranar da saniyar da na zana da hannuna ta kunyata ni a Sassumbrum, wannan kam ba zan manta ba sai dai in ƙasa ta rufe idona.

Ni ɗan Magariya ne, cikin gari, ɗan tela. Tun ina lakwal, wato makarantar boko, ba ni da aiki sai zane. Bangon gidanmu ya sha gawayi, ni kuma na sha bulala. Zanen nan ne ya kai ni Yamai a farkon shekarun saba'in, aka ɗauke ni a ɗakin masu zane mai motsi na talabijin ɗin makarantu. Kada ku zaci wani babban wuri ne. Ɗaki ɗaya ne, mu uku: shugabanmu da ya yi koyo a ƙasar waje, da mai ɗaukar hoto, da ni. Teburinmu gilashi ne da fitila a ƙarƙashi. Ka zana abu, ka ɗora wata siririyar takarda a kai, ka sake zana shi ya ɗan gusa, haka haka har sau goma sha biyu kafin ka samu motsi na daƙiƙa ɗaya. Da haruffa muka fara, masu tafiya su jeru su zama kalma. Daga nan lambobi, sannan wani ƙuda mai mugun hali da ke tashi daga juji ya faɗa cikin fura, wanda yara suka so fiye da darasin tsaftar da aka yi shi dominsa.

Bayan babban farin nan da ya cinye dabbobi, ma'aikatar kiwo ta ba mu aikinmu na farko da ba na yara ba: ɗan gajeren fim da zai sa makiyaya su kawo ragowar shanunsu a yi musu allurar ciwon huhu. Shugabanmu bai ɓoye mana komai ba. Ya ce an fara maganar rufe ɗakinmu. In fim ɗin ya kawo shanu, mun tsira. In bai kawo ba, kowa ya kama gabansa.

Labarin mai sauƙi ne. Shanu biyu, an yi wa ɗaya allura, mai ɗayar ya ƙi. Cuta ta ratsa garke. Gari ya waye duk biyun suna kwance, sai mai allura ta tashi ta tafi kiwo, ɗayar kuwa kwanciyar ke nan. Tashin nan shi ne zuciyar fim ɗin, kuma ni aka ba. To, shugabanmu yana da wani littafi da ya zo da shi daga waje mai nuna motsin dabbobi daki-daki. Akwai doki, akwai kare, akwai kyanwa, babu saniya. Na ce ai duk ƙafa huɗu ce. Na kwafi tashin doki, na sa masa ƙaho da tozo, na yi wata guda ina gyara shi har ya yi sumul. Ku duba fa, na girma ina ganin shanu suna wuce ƙofar shagon babana kowace safiya, amma ban taɓa tsayawa na kalli ɗaya tana tashi ba.

Da yake ni ɗan yankin ne, ni aka tura da fim ɗin. Muka taso daga Magariya da likitan dabbobi da direba, da majigi da injin wuta a bayan mota, muka nufi Sassumbrum ranar kasuwa. Na sa wandona mai faɗin ƙafa, matsattse a cinya, na soke mataji a suma, ina hura hanci kamar ni na ƙirƙiro shanu. Aka ba mu aji ɗaya a lakwal, aka toshe tagogi da tabarmi da barguna har ya yi duhu da hantsi. Ardo, shugaban makiyayan, ya shigo da dattawansa, dogon tsoho marar yawan magana, suka jingine sanduna suka zauna a kan bencin yara, gwiwoyinsu na neman taɓa haɓa.

Da shanun suka bayyana a jikin farin ƙyalle suna kaɗa wutsiya, ɗakin ya ɗauki salati. Wani ya tashi ya leƙa bayan ƙyallen. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni. Aka zo wurin tashi, saniyata ta miƙe ƙafafun gaba tsaf, ta zauna a kan ƙugu, sannan ta yunƙura ta ɗaga baya. Ardo ya ɗaga hannu ya ce a maimaita wurin. Aka maimaita. Ya ce a ƙara. Sau uku muna juya fim, ni ina kallon likita ina murmushi, wai a nufina abin ya ratsa su.

Da aka yaye tabarma ɗaya haske ya shigo, Ardo ya dubi likita ya ce, "Likita, mun gode da kuka nuna mana gaskiya ba ku ɓoye ba. Ashe allurar nan ƙugu take kamawa."

Likita ya tambaye shi me ya gani. Ardo ya yi bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala. Saniya mai lafiya a kan gwiwoyin gaba take durƙusawa, ta fara ɗaga bayanta, sannan gaba. Wadda ta fara miƙe gaba kamar doki, to akwai abin da ya same ta a ƙugu ko a ƙafa, kuma irinta ba ta kai wa rijiya da rani. Ya ce shanun da fari ya bar musu ba su da yawan da za a yi gwaji da su. Dattawa suka fara laluben sandunansu.

Likita ya juyo ya yi mini wani kallo da har yau ina jin zafinsa. Na yi tsalle na ce ai zane ne kawai, ba gaskiya ba ne. Nan na ƙara ɓata lamarin, don wani dattijo ya ce to in ƙarya ce, wane ɓangare za su yarda da shi, wane za su bari? Ɗan hakin da ka raina ke nan. Na ga ɗakinmu na Yamai a rufe, na ga kaina ina ɗinka maɓalli a shagon babana. Babu sauran dabara sai gaskiya. Na ce, "Baffa, laifin ba na allura ba ne, nawa ne. Ni na zana ta, kuma wallahi ban san yadda saniya ke tashi ba."

Ardo ya dube ni. Ya tambayi garinmu, na ce Magariya. Ya tambayi sana'ar babana, na ce tela. Sai ya ce, "To, da sauƙi. Na zaci ɗan mutane ne masu dabba." Ɗakin ya fashe da dariya, har direbanmu, maci amana.

Amma bai tafi ya bar ni ba. Ya ce in biyo shi ruga in ga abin da na zo koya musu. Muka taka cikin rana har gindin wasu gawo inda shanunsa ke kwance suna tuƙa. Ya taɓa ɗaya da sanda, ta tashi. Ya taɓa wata, ta tashi. Duk baya suke fara ɗagawa, ko ɗaya ba ta yi mini kara ba. Sannan ya ce ido yana mantuwa, jiki ba ya yi, in durƙusa in gwada. Na durƙusa a gaban matan ruga da ƙwaryar nononsu, na kafa gwiwar hannu a ƙasa, na ɗaga baya, wandon Yamai ya ce ɓarrr daga sama har ƙasa. Da aron zane na ƙarasa yinin.

A nan na zauna da kayena, wato littafina na zane, da fensir. A kusurwar kowane shafi na zana jar saniyarsa mai karyayyen ƙaho, shafi bayan shafi tana ɗan motsawa, shi kuma yana tsaye a kaina yana gyara. Ya ce na manta tana jefa kai gaba kafin ta yunƙura. Ya ce na manta miƙar da take yi bayan ta tsaya. Da na gama na kama gefen kayen na saki shafukan da babban yatsa, sai ga jar saniya ta tashi a tafin hannuna. Tsohon nan ya karɓa ya yi ta saki da yatsansa mai kaushi, ya kai sau ashirin, bakinsa a buɗe. Na ce a raina shi ke nan, an gama.

Ashe da sauran rina a kaba. Ya ce zane ya gyaru, amma ba zane za a soka wa allura ba. Gobe zai kawo saniya ɗaya tak, wannan jar. A yi mata, a zauna a jira ta kwanta ta tashi a gaban kowa.

Haka aka yi. Da safe likita ya yi mata allura, muka zauna a inuwa, mu da dattawa, muna gadin saniya. Ta yi kiwo, ta sosa wuya a jikin itace, ta tsaya tana kallonmu kamar ta san abincin mutum uku yana ƙugunta. Sai wajen azahar ta ga dama ta kwanta. Ardo ya hana a taɓa ta, ya ce sai ta tashi don kanta. Ban taɓa yi wa wata halitta addu'a kamar yadda na yi wa saniyar nan ba. Tsoro nake ji na gaske, don na san ko tuntuɓe ta yi, ni za a ɗora wa. Muka yi sallah muka dawo tana nan tana tuƙa. Can da rana ta karkata sai ta jefa kai gaba, ta durƙusa, ta ɗaga baya, ta miƙe tsaf, ta yi miƙa, ta kuma saki kashi don kada a ce ta rage wani abu.

Ardo ya miƙe. Ya ɗaga sandarsa sama ya kaɗa sau biyu. Ashe tun safe garkunan suna bayan tudu suna jiran wannan alamar. Da na ga ƙahonni suna ɓullowa, ƙwalla ta cika mini ido, ban ma ji kunya ba. Kwana biyu likita yana aiki har hannunsa ya sage. Na koma Yamai na sake zana tashin daga farko, ɗakinmu kuma ya ƙara wasu shekaru yana aiki, muka yi na rijiya, muka yi na ajiyar hatsi.

Tun daga ranar ban sake zana ko kaza ba sai na je na tsuguna na kalle ta, na kuma tambayi mai ita. Abin da na koya shi ne, mutum ba zai ba ka amanar dukiyarsa don ka iya magana ko ka iya zane ba. Sai ya ga ka san abin nasa, ko kuwa ka yarda a gabansa cewa ba ka sani ba, ka durƙusa ya koya maka.