Tafiyar da Na Yi Don Wanke Luba

Jega

Ina idar da sallar asuba na nufi tasha, ko karyawa ban yi ba. Aikina gwajin jini da ƙwayoyin cuta ne a wani asibiti a nan Jega, amma wannan tafiya ta zumunci ce. Luba ɗiyar yayata ce, tana aure a Kashin Zama. Sanƙarau ya kashe ɗanta Umaru a bazarar nan, kuma tun ba a tashi daga zaman makoki ba mijinta Bello ya kora ta gidan iyayenta a Karaye ta wajen Maiyama. Wai wani ma'aikacin asibiti ya ce masa ƙwayar da ta kashe yaron dangin ƙwayar ciwon sanyi ce, wanda ake ɗauka ta kwanciya. Bello ya san bai taɓa neman mata ba, sai ya ɗora wa Luba. Da labarin ya iso ni, raina ya ɓaci ƙwarai.

Motar Aliero ta cika da wuri. A shingen bayan gari ɗan sanda ya leƙo, ya duba fuskokinmu, ya ɗaga mana hannu. Hira ɗaya ake yi a motar, ta yaran da wuyansu ya sanƙare.

"Bana dai mun sha bizne yara," in ji direba.

Aliero da Kashin Zama

Warin albasa ne ya tarbe mu a Aliero, buhuna jibge a bakin titi. Na sha koko a tsaye, na hau kabu-kabu zuwa Kashin Zama. Da hantsi na iske Bello a gona yana tsince ruɓaɓɓun albasa. Ya rame sosai. Na yi niyyar balbale shi da faɗa, da na gan shi sai na yi masa gaisuwa kawai.

"Kawu, ba ni na ƙaga ba," ya ce. "Likita na yac ce dangi guda na. Abin da ag ga dangi kuwa, ai ba ya ɓoyuwa."

Na zauna a kan buhu na yi masa bayani. Idan muka zuba wa ƙwayoyin bakteriya rini muka wanke, wasu sukan riƙe shuɗi, wasu su sake shi su koma ja. Jajayen nan ma masana sun kasa su dangi-dangi, kowane dangi da gidajensa. A ɗaya daga cikin gidajen, mai suna Naiseriya, ƙwayoyin bibbiyu suke zama, kamar ɓarin goro biyu da ke fuskantar juna. Wasunsu suna zaune a maƙogwaron masu lafiya, ba sa cutar da kowa. Ɗaya ce ke kawo sanƙarau, ta tari da numfashi take yaɗuwa. Ta ciwon sanyi daban ce. A madubin gwaji kamarsu ɗaya, sai an ba su sukari ake bambance su, domin ta sanƙarau iri biyu take ci, ɗayar kuwa iri ɗaya.

Na ga bai gamsu ba, sai na ɗauki albasa ɗaya na nuna masa.

"Wajen masanan nan, albasa da tafarnuwa ma gida ɗaya ne. Ka taɓa dasa albasa ka haƙo tafarnuwa?"

Ya kalli albasar da ke hannuna. Can ya dafe kai ya ce, "Innalillahi. Kawu, mi ni yi?"

Na ce ya ɗauko hularsa mu tafi.

Maiyama da Karaye

Muka koma ta Jega, muka canza mota zuwa Maiyama. Rana ta take, kujerar motar har ƙuna take yi. A tashar Maiyama na saya mana fura, Bello ya kasa sha. Daga nan muka hau babur ɗaya, hanya duk rairayi, sau da yawa sai mun sauka mun taka. La'asar ta riske mu a Karaye.

Yayata ta karɓi gaisuwata, ta ƙi kallon surukinta. Aka kira Luba. Ta fito da hijabi, ta durƙusa nesa da mu. Na maimaita bayanina tun daga rini har albasa, har ina jin daɗin yadda na tsara shi. Bello ya roƙe ta gafara yana hawaye.

Luba ba ta yi kuka ba. Ni ta duba.

"Kawu, na gode. Amma ni ban buƙatar madubi in san ban yi komi ba. Shi ma bai kamata shi buƙata ba. Ina bisa tabarmar gaisuwar ɗana yat tashe ni, mata na kallo. Har yau ban san inda anka bizne Umaru ba." Ta miƙe. "Na yahe mishi. Komawa ta dai ba ni yi."

Duk karatuna na rarrabe ƙwayoyi bai tanadar mini amsar wannan ba.

Komawa

Bello ya ce ba zai bi ni ba. Na bar shi zaune a ƙofar gidan, ba wanda ya shimfiɗa masa tabarma. Na samu motar ƙarshe daga Maiyama, na iso Jega ana kiran isha'i. Na gode wa Allah da Ya dawo da ni lafiya, na gode wa direbobin da suka kai ni. Maiɗakina ta tarbe ni a bakin ƙofa tana murmushi, ta ce, "An shirya su?"

Na ce Bello ya gane, amma Luba tana Karaye.