Tudun Laraba a Bakin Dogo

Layin dogo bai bi ta Birnin Gwari ba. Sai ka ratsa daji ka yi kudu kafin ka tarar da Tashar Ɗorawa, in ma tasha za a kira ta: gidaje tara, tankin ruwa ɗaya, sai fili iya ganinka. Can aure ya kai Laraba daga Kusasu, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Mijinta Enoch leburan gyaran layi ne.

Jirgi kan tsaya ya sha ruwa, matan tasha su rufa masa da talla. To amma babu dakalin sauka, tagogi kuwa can sama suke. Mai tire a ka ita ke ciniki, domin nan hannun fasinja ke kaiwa. Laraba kuwa 'yar Gbagyi ce, a kafaɗa take ɗaukar ƙwaryar gasasshiyar doyarta kamar uwarta da kakarta. Fasinja ya miƙo hannu har ya gaji, jirgi ya ja.

Maƙwabciyarta Saude takan ce, "Ke Maman Alice, ɗora a ka mana! Kan naki na zinariya ne?"

"Yaya Saude, kai da shi ake tunani. Ba jaki ba ne."

Taurin kai, in ji mutane. Ni dai ban ga laifinta ba.

Da ciwon ƙirji ya ɗauke Enoch, sai maganar ta wuce wasa. Wansa Haruna ya aiko cewa bayan girbi zai zo ya kwashe ta da yara a koma Kusasu, tunda doyar da ba a saye ba ta riƙe gida. Laraba ta yi kuka har ta gode Allah. Tana son wurin nan, kuma kabarin mijinta na bayan tankin ruwa.

Da ta share hawaye sai ta ɗauki fartanya. Kullum bayan jirgin safe ta nufi bakin daji, ta fasa suri, ta cika ƙwarya da jar ƙasa, ta saɓo a kafaɗa, ta juye daidai inda taragon talakawa ke tsayawa. Ta yayyafa ruwa, ta daddaɓe. Leburori na dariya, wai matar Enoch ginin masallaci take ko na coci? Ko kallonsu ba ta yi. Kafin dawa ta nuna, tudu ya kai ƙugun mutum. Ta hau, ƙwarya ta zo daidai taga, doya ta ƙare tun injin bai gama shan ruwa ba.

Ranar da Haruna ya iso, maimakon ya diro kan tsakuwa, sai ya ji ƙasa ta tarbi ƙafarsa. Ya dubi tudun, ya dubi mutanen da ke rububin doya.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Yaya."

Sai ya ce, "To, kin haɗa kayan?"

Laraba ta miƙa wa wata tsohuwa doya ta taga, ta juyo.

"Yaya, ka gai da mutanen gida. Ka ce musu in za su iya kai tudun nan Kusasu, sai in biyo shi."

Ya kwana biyu, ya ci doya, ya hau jirgi shi kaɗai.