Inshorar Magen Yayana

Ranar da aka ɗauke Yaya daga asibiti zuwa gidan jinya, ni aka miƙa wa makullin gidansa. Shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi a wurin aiki, yana cikin lodin kaya. Hannun dama da ƙafar dama suka daina aiki, harshe kuma ya yi nauyi, sai ka kai kunne kusa da bakinsa kafin ka tsinci kalma biyu. Shi kaɗai yake zaune a wani ɗan gida a gabashin Greensboro tun da matarsa ta rasu a Katsina, tana jiran takardun tahowa. Ba su haihu ba. A ƙasar nan ba shi da kowa sai ni, sai kuma wata tsohuwar mage mai ruwan toka da ya tsinta tana 'yar mitsitsiya a bayan sito, shekara goma sha biyar ko fiye da suka wuce.

Na same ta kwance a kan sallayarsa. Ba ta gudu ba, ba ta kuma zo wurina ba. Na sa ta a kwandon wanki na rufe da tawul, ta yi ta kuka har muka iso unguwarmu, Glenwood.

Maigidana ya leƙa kwandon ya ce, "Har zuwa yaushe?"

Na ce, "Sai Yaya ya warke."

Da shi aka zauna lokacin da likita ya yi mana bayani, ya san abin da na sani, cewa da wuya Yaya ya warke.

Maganar inshora daga bakin Yaya ta fito. Wata Lahadi mun je duba shi ni da 'yata, ya yi ta maimaita kalmar, yawu na zuba ta gefen bakinsa. Na ɗauka tasa yake nufi, na ce ya kwantar da hankalinsa, muna kan cika takardu. Ya bugi ƙarfen gado da hannun hagu. 'Yata, wadda a nan aka haife ta, ta sunkuya ta saurare shi, ta ɗago ta ce mini da Turanci, "Mama, Kawu ba kansa yake nufi ba. Magen yake so a yi wa."

Ya ga abin da ciwo yake yi wa mutum a ƙasar nan idan ba shi da abin da zai tare masa, shi ya sa yake jin tsoro a madadinta. Na ce masa to. Da hannunsa a cikin nawa na faɗa, don haka alkawari ne.

A kicin ɗin wata makarantar firamare nake aiki, ina tashi bayan azahar. Sai in dawo in yi girki, bayan la'asar mu zauna da 'yata a gaban kwamfutarta. Kowane kamfani da hoton ɗan kwikwiyo yana tsalle a ciyawa yake tarbarka. Su tambayi sunan dabba, jinsinta, unguwarku, duk cikin fara'a. Da zarar an rubuta shekarunta sai labari ya sauya. Wasu su ce ta wuce shekarun da suke karɓa. Wasu su ce za su karɓe ta, amma hatsari kaɗai za su biya, kamar mota ta buge ta ko ta faɗo daga bene. Wannan magen kuwa kujera ma sai ta yi shawara kafin ta hau. Waɗanda suka yarda su ɗauki cuta kuma, abin da suke nema a wata ya kusa kai na inshorar motarmu.

Na kira wani kamfani da kaina. Wani saurayi mai ladabi ya saurare ni har na gama, sannan ya ce da mun zo tun tana ƙarama da abin ya yi sauƙi. Na ce tana ƙarama lafiyarta ƙalau, wa zai tuna da ku? Ya ce ya fahimta, ya kuma yi mini fatan wuni lafiya.

Maigidana direban babbar mota ne, ba mai yawan magana ba. Wani yammaci ya tsaya a bayanmu yana kallon farashin, ya ce, "Hajiya, kin san tun bara da gefe ɗaya nake tauna abinci. Haƙorin nan ban cire shi ba don ina jiran mu samu sarari."

Na ce na sani.

"To shi ke nan. Ina so dai ki sani."

Labari ya fita, ban san ta bakin wa ba. A wani suna da aka yi, wata Anti 'yar Maraɗi ta kamo hannuna a gaban mata tana dariya, tana kiran inshora yadda suke kiranta a can. "Ashe ke ce mai neman asiransi wa mage? Mu da muke mutane ba mu samu ba!" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Da muka keɓe sai ta rage murya. "Ki rage mata shekaru mana. Mage tana da takardar haihuwa ne?" Na kwana biyu ina juya maganar, amma 'yata ta ce likita na buɗe bakinta zai gane daga haƙora, daga nan kuma sai su soke komai.

A ƙarshe muka samu wani ƙaramin kamfani da farashinsa za mu iya, idan muka matse. Sharaɗinsu ɗaya ne: likitan dabbobi ya duba ta tukuna ya aika musu sakamako. Na yi murna har na yi wa Yaya albishir tun kafin a je.

Likitar mace ce mai furfura. Ta shafa bayan magen, ta ɗaga fatar wuyanta ta saki, fatar ta daɗe ba ta koma ba. Ta tambaye ni ko tana yawan shan ruwa. Na ce sosai, har bahon wanka take shiga tana lasa, na ɗauka zafi ne. Ta ɗebi jini. Da sakamako ya fito ta kira ni ta ce ƙoda ce, kuma ta yi nisa.

Gwajin da kamfanin ya sa mu yi shi ya tona ciwon. Suka amsa cewa sun karɓe ta da farin ciki, ban da ƙoda da duk abin da ƙoda za ta haifar, tunda ciwon ya riga su zuwa. Na biya duk da haka. Na je na faɗa wa Yaya yadda aka yi, ban rage komai ba. Ya rufe ido ya daɗe bai buɗe ba.

Watannin da suka biyo baya ba su da daɗin tunawa. Aka sa ta a kan wani abinci na gwangwani mai tsada, ta shinshina ta juya baya. Likitar ta koya mini yadda ake ƙara mata ruwa a gida, a rataye ledar ruwan a ƙofa, a soka allura a ƙarƙashin fatar wuya. Ranar farko allurar ta fita ta ɗaya gefen, ruwa ya jiƙa mini zane. Maigidana yana kallo daga falo. Ya taso ya naɗe ta a tawul ya riƙe, ya ce, "Sake." Daga nan duk ranar da yake gari shi ke riƙe ta.

Ta fara amai, na tura wa kamfani takardar kuɗin magani, suka ce daga ƙoda ne. Bakinta ya yi gyambo, daga ƙoda ne. Idonta ya dushe har tana cin karo da ƙafar tebur, suka ce hawan jini ne, shi ma ɗan ƙoda ne. Sau ɗaya suka biya, lokacin da farcenta ya lanƙwashe ya shige cikin tafin ƙafa.

Gidan jinyar suka yarda in kawo ta farfajiya sau ɗaya. Na turo Yaya a kekensa, na ɗora ta a cinyarsa. Ta zama ƙashi da fata. Ta shinshini rigarsa, ta cusa kai ƙarƙashin shanyayyen hannun ta yi lamo. Yana shafa ta da na hagu, yana yi mata wata magana da ban gane ko kalma ɗaya a ciki ba.

Da sanyi ya shigo ta daina cin abinci gaba ɗaya. Likitar ta ce abin da ya rage shi ne a yi mata allura ta huta. Abin ya tsaya mini a rai, ban san hukuncinsa ba. Maigidana ya tambayi Malam bayan sallar Juma'a, Malam ya ce malamai sun saɓa, amma idan babu tsammanin warkewa kuma azaba take sha, akwai waɗanda suka ba da dama. Duk da haka magen ba tawa ba ce. Na je wurin mai ita.

"Yaya, likita ta ce ba za ta tashi ba. Tana shan wahala. Me kake so a yi?"

Ya kalli bango. Na zauna ina jira har mai raba magani ta shigo ta fita. Sannan ya ce, a fili, yadda bai yi magana ba tun da ya kwanta, "Kai ta."

Muka kai ta da safe, aka yi mata allurar. Ba ta ko motsa ba. Maigidana ya haƙa rami a bayan gida kusa da shinge, jar ƙasar nan mai tauri tana manne wa shebur, muka binne ta.

Yaya bai tambaye ni yadda aka yi ba, ni ma ban ba shi labari ba. Bayan haka ya fara ƙin zuwa ɗakin motsa jiki. Masu gashin ƙashi su zo su lallashe shi, ya juya musu baya. Ba a jima ba ma'aikaciyar ofis ta tsare ni a ƙofa ta ce inshorarsa ta daina biyan gashin, tunda ba a ga ci gaba ba. Aka mayar da shi wani ɗaki a ƙarshen baranda, shi da wani tsoho da ba ya magana.

Yana nan har yanzu. Duk Lahadi nakan dama masa kunun gyaɗa in zuba a filas in kai. Wani lokaci ya sha rabin kofi, wani lokaci ya rufe baki. In goge masa haɓa, in yanke masa farce, in ba shi labarin 'yan gida, waɗanda suka yi aure da waɗanda suka rasu. Idan la'asar ta yi sai in juya kekensa ya fuskanci alƙibla, in shimfiɗa ɗankwalina a gefensa mu yi salla.